Sallamar da Injiniya bai amsa ba

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Audu maigadi ya yi sallama a ƙofar falon Injiniya, aka ƙi amsa masa ba. Ku da kuke aikin gidajen kamfani yanzu, ku saurara, don abin ya kusa zama jini.

Bayan yaƙin basasa ne, mun dawo Fatakwal, kuɗin mai ya fara zuba, baƙi sun cika gari. Na samu aikin shara da goge-goge a gidan wani ɗan Japan mai shimfiɗa bututu. Sunansa ya fi ƙarfin bakinmu, sai muke ce masa Injiniya. Tun ranar farko ya nuna mini takobi a kan wani ɗan katako a falo, yana cikin kubensa, kaifin yana kallon sama. Ya ce in share ko'ina, amma ban da nan.

Sannu a hankali, da guntun Turancinsa da nawa, na fahimci yadda abin yake. Na kakansa ne. Maƙeri ya yi ta dukan ƙarfen yana ninkewa, yana sake duka, har dattin ya fita. Sai ya shafe gadon bayan da yumɓu kafin ya tsoma a ruwa, shi ya sa bakin ya fi tauri, kuma wani farin zane ya bi tsawonsa kamar gajimare. Yatsa ba ya taɓa ƙarfen. Ko numfashi ba a so, don yana sa tsatsa, ga Fatakwal kuwa garin laima. In zai gyara shi, sai ya durƙusa, ya ciji farar takarda, ya goge tsohon mai, ya bubbuga farin gari daga wani ɗan ƙulli, sannan ya shafa sabon mai mai ƙanshin kanumfari. Har ya gama ba ya magana da kowa.

Ni na saba gani. Malam Audu kuwa sabo ne a gidan, dattijo ne Bazazzage, kuma yana garin nan lokacin tashin hankalin da ya kore mu. Bai taɓa faɗin abin da ya gani ba, mu ma ba mu tambaya.

Ranar ana yayyafi, da hantsi, ina goge tagar falo sai na ji shi. Ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Da ya ƙara aka yi shiru, sai ya ɗaga labule, addar da yake sare ciyawa da ita tana hannunsa. Ya ga mutum a durƙushe da takobi tsirara, farar aba a baki kamar laya, gari yana tashi, ni kuma ina tsaye bai fi taku kaɗan ba.

Ban taɓa ganin fuska ta mutu a tsaye irin haka ba. Muryarsa ta fito can ƙasa: "Rakiya, taho bayana, 'yata. A hankali."

Addar ta fara ɗagawa. Injiniya ya ɗago ido kawai, takardar tana bakinsa, bai san abin da ake ciki ba. In na yi ihu, ban san wanda zai fara motsi ba. Sai na kama gefen mayafina na cije kamar yadda Injiniya ya ciji takardar, na durƙusa a tsakaninsu, ina kallon Malam Audu ina girgiza kai. Ba ka jin komai sai ruwa a kan kwano. Ya daɗe yana kallona, sannan hannun ya sauka.

Injiniya ya zura takobin a kube, ya cire takardar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannu, Baba. Yi haƙuri." Iyakar Hausarsa ke nan.

Malam Audu ya ce da ni, "Tambaye shi, abin nan ya taɓa shan jini?"

Na ce, "Haba Baba, kayan ado ne."

"Ke dai tambaye shi."

Na tambaya yadda na iya. Injiniya ya ce, a hannun kakansa, e.

Malam Audu ya gyaɗa kai. "Na sani. Kanumfarin bai rufe ƙarnin ba."

Ni dai kanumfari kaɗai nake ji a ɗakin nan. Malam Audu bai bar aikin ba, amma ƙafarsa ba ta sake taka falon ba, kuma duk ranar da aka zare takobin, ko yana can bakin get, sai in leƙa in ga ya juya wa gidan baya yana jan carbi, ba wanda ya faɗa masa.

Abin da na koya shi ne, kowane gida yana da shirunsa, kuma kowane ma'aikaci yana shigowa da abin da idonsa ya gani a baya. In an kawo muku sabo, kada ku tsaya kan nuna masa tsintsiya da famfo. Ku fara faɗa masa lokacin da maigidan ba ya amsa sallama, da dalili.