Tocilar Inna Mai Ido

Inna Mai Ido ake ce mata, ba don girman idanu ba. Tun tana budurwa take ɗinki, kuma in ta ɗora zare a kan yadi sau ɗaya, an gama magana. Sunan nan shi ne jarinta. Shagonta dai lungu ne ba taga, ko da rana tsaka sai ta haska tocila a akwatin zare.

Babban ɗanta mai gyaran rediyo ne, irin mutanen da ba sa ganin abu yana aiki lafiya su ƙyale shi. Ya ɗauke tocilar ba da saninta ba, ya cire wani ɗan abu a ciki, ya ƙara batir, wai idon tsohuwa na son haske.

A makon aka kawo ɗinkin amarya, farin leshi tas. Inna ta haska, ta zaɓi zare, ta yi aikin wuyan rigar. Da uwar amarya ta fita da rigar rana, sai ga zare ruwan madara kwance a kan fari. Matar ta tsaya bakin titi tana faɗa wa duk mai wucewa cewa Mai Ido ta makance.

Abin haushi, ɗan nan shi ya fara gyaɗa kai. "Inna, girma ya zo, a huta haka nan." Ya sa aka ɗauke keken ɗinkin zuwa gidansa.

Baƙin ciki ya hana ta cin abinci. Rannan da hantsi ta kunna tocilar a kan farin ƙyalle, ta zuba ido. Da fari haske fari ne. Da kan tocilar ya ɗau zafi, sai ƙyallen ya koma shuɗi-shuɗi. Ta saɓi mayafi sai shagon ɗan nata, ta nuna masa.

"Au, wannan ai sananne ne," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Ƙwan ciki shuɗi ne, ɗan shafen rawaya aka yi masa ya zama fari. In wuta ta yi masa yawa ya yi zafi, shafen ya gaza, shuɗin ya rinjaya. Ruwan madara ma sai ki gan shi fari."

"Ashe ka sani."

"Da na ƙara mata batir, ban kawo a raina ba ne."

"To tashi mu je ka faɗa wa uwar amarya haka, a bakin titin da ta tsaya."

Ya dubi rediyon da ke gabansa. "Inna, in mutane suka ji, wa zai sake kawo mini gyara?"