Ranar da Aka Kira Alƙalin Wasa Mushe

A zamanin Turawa, lokacin ina ganiyar ƙarfina, ni ne ɗan kokawar da Sabon Birni ke taƙama da shi. Ba cika baki nake ba, ku tambayi duk tsohon da ya rage daga Tsamaye har Alkalawa: kafin ranar da zan ba ku labarinta, bayana bai taɓa ƙasa ba. Mahaifina ma haka ya yi tasa kokawar har ya tsufa ba a kada shi ba. Gidanmu ba shanu, ba sarauta, abin da muke tinƙaho da shi ke nan, kuma a wuyana yake rataye.

Kowace kaka, in an gama ɗaure gero, mukan kara da mutanen garin Isa. Bana su zo, baɗi mu je. Ba ma ga maciji da su tun kakanni, amma ƙa'idar fili kowa ya san ta. Ba mai shiga sai wanda ya yi noman damina a garin da yake wa kokawa. Kuma da gwiwa ko tafin hannu ya taɓa ƙasa an yi kaye, makaɗi ya juya kiɗa, a saki juna.

Wata shekara aka tashi baram-baram, sanduna suka yi aiki, aka fasa kawuna. Magana ta kai kunnen Di'o, Baturen mulki, ya ce in ana son a ci gaba sai an sa alƙalin wasa ɗan boko. Aka turo mana wani malamin makaranta, siriri, da gajeren wando da safa har gwiwa, ga usur a wuya. Mutumin da na tabbata ko ɗan akuya bai taɓa kayarwa ba. Abin da ba a gaya mana ba shi ne a gidan wani attajirin Isa ya sauka, tuwonsa yake ci, dokinsa yake hawa.

Shi wannan attajiri ya gaji da ganin ina kada yaransa. Sai ya bi ayarin fatake ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransi ke mulki, ya ɗauko wani ƙato daga wajen Tibiri. Ranar wasa muka isa Isa da la'asar, muka tarar da shi tsaye a tsakiyar fili, wuya kamar turmi. Abin da ya fi ƙona mini rai, zanen fuskarsa irin nawa ne sak. Bagobiri ɗan'uwana aka yi haya ya zo ya kunyata Gobirawa.

Dattijon da ke jagorantar 'yan kokawarmu ya je gaban malamin ya ce, "Wanga ba ɗan Isa na ba. Ba mu san shi ba, ba mu taɓa ganinai kasuwa ba."

Attajirin ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Ɗan ƙanwata na. Gonata yan nome bana, kowa ya gani."

Malamin ya yafito ƙaton da hannu, ya tambaye shi inda ya yi damina. Ƙaton ya rusuna, ya haɗa hannuwa cikin ladabi, ya ce, "Nan Isa, Mushe."

Fili ya ɗauki ihu. A ƙasar Faransi haka suke kiran malamin makaranta da duk mai wandon Turawa, girmamawa ce. A wurinmu kuwa mushe dabba ce da ta mutu ba yanka, wadda ake ja a yar bayan gari. Babu ɗan Isa da zai dubi malami ya kira shi haka, kuma duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maraɗi ya san daga inda bakin nan ya fito. Dattijonmu ya buɗe hannuwa ya ce, "To, Malam, ka ji da kunnenka."

Malamin ya dubi attajirin, ya dubi ƙasa, ya goge zufa. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Zagina yay yi. Yaro na marar kunya, amma na yahe mishi. A shiga hili."

Ku ji fa. Mutum ya gwammace a ce an kira shi mushe a gaban garuruwa biyu da ya faɗi gaskiyar da ta shiga kunnensa. Tun daga lokacin na tsane shi, kuma tsufa bai rage mini komai ba.

Dattijonmu ya ce mu koma gida. Ni na ƙi. Jinina ya riga ya hau, kuma in na juya, mutanen Isa za su ce tsoro na ji.

Muka kama. Ƙarfi kam yana da shi, sai dai ƙafarsa ta hagu tana da nauyi, ban daɗe ba na gane. Na bar shi ya turo ni, na kauce, na sa masa ƙafa. Ya tafi gaba, gwiwarsa ta dama ta daki ƙasa har ƙura ta tashi. Makaɗinmu ya juya kiɗa. Na sake shi kamar yadda aka koya mini tun ina yaro, na juya wajen mutanenmu, na ɗaga hannuwa sama.

Ban ji zuwansa ba. Ta baya ya rungumo ƙuguna, ya ɗaga ni, ya maka ni da ƙasa. Ina kwance rigingine, numfashi ya ƙi fita, sai na ji usur.

Mutanenmu suka yi caa a kan malamin. Ya ce shi bai ga gwiwa ba, kuma a dokar Di'o ba a gama wasa sai an busa. Yaushe aka faɗi wannan doka? Wa ya ji ta? Ga ƙasa nan manne a gwiwar ƙaton, jajir, dattijonmu na nuna masa da sanda, shi kuwa ya kau da kai yana gyaran safa. Dogarai suka shiga tsakani, aka kora mu hanya.

Washegari na isa gida. Mahaifina na zaune a zaure yana tufka igiya, idonsa ya riga ya fara rauni. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Bayanka ya taɓa ƙasa?"

Na fara zuba. Na kawo attajirin, na kawo Tibiri, na kawo mushe da gwiwa da usur. Ya bar ni har na kai aya, hannunsa bai daina tufka ba.

Ya ce, "Ni ƙasa nit tambaye ka."

Na ce, "Ya taɓa, Baba."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ci gaba da igiyarsa. Har ya bar duniya bai sake yi mini zancen kokawa ba.