Man Shanun Inna Delu

Yayata Juwairiyya ta fi ni ƙwanji, kuma na daina jin kunyar faɗa tun ranar da tayar keke-napep ɗina ta faɗa kwata a Malali, ta naɗe hijabi ta ɗaga bayansa ina tsaye ina neman wanda zan kira a waya.

Shekararta talatin da biyu, 'ya'yanta biyu, malamar firamare ce. A Rafin Guza aka haife mu, gidan Malam Datti mai walda. Baba bai samu namiji da wuri ba, ni kuma da na zo sai na zo da lalaci, don haka ita ce ta taso tana riƙe masa ƙarfe yana yanka. Bayan haihuwarta ta biyu ciwon baya ya kwantar da ita wata huɗu. Likita ya ce ta riƙa motsa jiki. Baba, Allah ya ji ƙansa, ya cika gwangwanayen madara biyu da siminti, ya soka rodi a tsakiya, ya ce ta gwada. Baya ya warke, ita kuwa ba ta ajiye ƙarfen ba har yau.

Yanzu akwai gidan motsa jiki na mata zalla a Unguwar Sarki, can take zuwa bayan sallar asuba, kwana biyar a mako. Yau ƙafa, gobe baya, jibi kafaɗa, kamar mahauci yana raba naman sa. In ta saka hijabi ba wanda zai gane komai. Mijinta Nura, ma'aikacin gwamnati ne siriri, ya ce shi dai ya yarda, in ɓarawo ya shigo aikinsa ihu ne kawai.

Abincinta kuwa hukunci ne. Farin ƙwai shida, gwaiduwa a ba yara. Ƙirjin kaza dafaffe ba mai. Wake, acca, zogale, dankalin Hausa ƙwaya ɗaya. Komai sai ya hau ƙaramin sikeli kafin ya shiga baki.

Bara wasu mata masu gidajen motsa jiki suka shirya gasar gina jiki a Abuja, mata zalla har alƙalan, ba a shiga da waya. Wannan ya sa Nura ya amince. Yaya ta rubuta sunanta a ajin 'yan ƙasa da kilo sittin, tana da sittin da uku, saura mako shida. In ta wuce sittin ranar awo, za a jefa ta ajin manya, inda ta san ba ta da ta cewa. Shekara huɗu tana jiran irin wannan dama.

Da ta fara rage abinci sai kumatu suka zube, ƙashin wuya ya fito. Mahaifiyarmu, Inna Delu, wadda Yaya ke kai wa yara kullum kafin ta wuce makaranta, ta ce, "Ke ga aiki ga ƙarfe, kawo in riƙa dafa miki." Yaya ta ji daɗi, ta kai mata sikeli da takardar awo.

Mako biyu nauyi ya sauka zuwa sittin da biyu, ya tsaya cak. Ta ƙara gudu. Ta cire dankali. Allurar sikeli ba ta motsa ba.

Ni na riga kowa sanin dalili. Wata rana na shigo da yunwa, na buɗe kular Yaya don in ɗan ga abin da take sha wa wahala. Na kai loma ɗaya ta zogale, sai na ji duniya ta yi daɗi. Man shanu ne, soyayye da albasa, an zuba shi a ƙasa an rufe da ganye, an barbaɗa citta don ƙamshi ya ɓace. Yaya ta daɗe ba ta ci mai ba, ta ɗauka hannun Inna ne kawai mai albarka. Na rufe kular, na riƙe sirrin. Gaskiya dai, ragowar tukunya ni nake sharewa.

Saura kwana goma, aka kira ni daga gidan motsa jiki. Jiri ya ɗebe ta a ƙarƙashin ƙarfe, kwana biyu ta yanke abincin safe gaba ɗaya. Na ɗauko ta a keke, ta jingina kai tana cewa, "Ban san me na yi ba daidai ba." Kafin mu kai shataletale na faɗa mata komai.

"Tun yaushe ka sani?"

"Kwana goma sha biyu, Yaya."

"Tsaya in sauka."

"Kuɗin mota fa?"

Ta kalle ni, na ci gaba da tuƙi.

Muka sami Inna a tsakar gida tana tsince wake. Yaya ta durƙusa ta gaishe ta yadda ta saba, sannan ta ce, "Inna, me ya sa?"

Inna ba ta musa ba. "Cokali biyu ne kawai."

"Cokali biyu sau uku a rana, Inna!"

"To in zuba ido? Balaraba maƙwabciya ta tare ni a gidan suna tana tambaya ko mijinki ya daina cefane." Ta ture farantin wake. "Ba ma wannan ba. Rabon da in ga ƙashin wuya irin wannan a gidan nan tun jinyar babanku. Shi ma haka ya fara, yana cewa lafiyarsa ƙalau."

 Ni kuwa na tsaya ina kallon buta.

Yaya ta kama hannun Inna ta ɗora a damtsenta. "Taɓa ki ji. Wannan hannun mara lafiya ne? Kwana goma kawai nake roƙo. Ranar da aka gama, duk abin da kika dafa zan cinye a gabanki."

Inna ta matsa damtsen kamar mai taya doya a kasuwa. "Kai, kamar taɓarya," ta ce.

Daga ranar Inna ta zama soja. Ƙwayar wake ɗaya ta wuce awo sai ta cire. Ta ɓoye man shanun, ta kuma ɓoye mini tukunya.

Amma kwana goma ba su isa ba. Ranar awo sikeli ya ce sittin da ɗigo huɗu. Aka sa ta ajin manya, cikin mata bakwai masu baya kamar ƙofar get. Yaya ta ce ta yi kuka a banɗaki, ta wanke fuska, ta fito ta yi abin da ta zo yi. Ta zo ta uku.

Inna ta bi mu Abuja, amma ta ƙi shiga, ta zauna a waje da kula a cinya tana jan carbi. Da Yaya ta fito da 'yar lambarta, Inna ta juya ta gaba da baya, ta tambayi su waye suka zo na ɗaya da na biyu. Aka nuna mata su.

"Allah sarki," ta ce. "Waɗannan ba su da uwa a kusa."

Ta buɗe kular. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, man shanu yana yawo a sama. Yaya ta zauna a ƙasa ta cinye tas. Ko loma ba ta rage mini ba.