Igiyar Malam Tukur

Daga Jibiya har Maraɗi babu mai karanta tayar mota kamar Malam Tukur bakanike. Shi ya faɗa, kuma ba a musa ba. Shekara talatin ba shi da na'ura sai igiya. Yakan ja ta daga tayar baya zuwa ta gaba, ya kanne ido, ya yanke hukunci.

Ran nan Alhaji Mansur ya kawo motarsa tana jan hagu, sitiyari a karkace. Direbansa Sallau, da aikinsa ke rawa, ya rantse kwalta kaɗai ya bi.

Malam Tukur ya ja igiya, ya leƙa ƙarƙashin motar.

"Alhaji, kwalta ba ta lanƙwasa ƙarfe haka. Direbanka ya yanke ta dajin Riko, ya daki kututture a bakin rafi. Da hantsi ma."

Sallau ya miƙa wa Alhaji makulli. Alhaji ya tafi yana faɗin mutumin nan har lokaci yake gani a jikin taya.

Kututturen a bakin gonar Malam Tukur yake, kuma ranar yana ciki yana noma.