Kafso a Cikin Fura

Haƙƙi ne a kan duk wanda ya miƙa wa mutum magani ya gaya masa abin da maganin ke kashewa, ba abin da yake warkarwa kaɗai ba. Matata ba ta sami wannan haƙƙi ba, kuma da hannuna nake kawo mata maganin.

Na yi aikin adana fayil a ofishin gwamnati har na yi ritaya, rubutu ya zame mini jiki. Da kumburin ciki ya fara damun Hajiya, sai na buɗe mata littafi. Kowace Alhamis nakan biya wani shagon magani kusa da Ƙofar Marke in karɓo kafso mai ja da rawaya. Mai shagon bai taɓa neman takardar likita ba. Wankin ciki yake kiransa, haka ma kowa a unguwarmu. Hajiya ba ta iya haɗiyar ƙwaya, don haka takan fasa kafson ta zazzage garin a fura, ni kuma in rubuta rana da adadi.

"Malam, hal cikina sai ka yi mai rajista?" takan ce tana dariya. "Da littahi ka aura da ka huta."

Shekara shida muna haka. Bara idanunta suka yi rawaya, ƙafafunta suka kumbura.

A asibiti likita ta bi littafin shafi-shafi. Daga nan ta bayyana mini cewa hanji cike yake da ƙwayoyin halitta, masu amfani da masu cutarwa, kuma suna fitar da wasu 'yan ƙunsuna da ido ba ya gani, waɗanda jini ke kwasa zuwa hanta. Kafson kuwa maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba ya bambance masu amfani da masu cutarwa. Idan aka yi ta kashe masu amfanin, bangon hanji yakan yi rauni, abin da masu cutarwar ke fitarwa ya yi ta isa hanta yana kumbura ta.

"To shi ne ya taɓa mata hanta?" na tambaya.

"Baba, ba zan iya rantsewa ba. Amma bai taimake ta ba."

Na koma shagon da littafina. Mai shagon ya ce, "Alhaji, kowa na sha. Ciwo na Allah na." Ina tsaye ya ƙirga wa wata mata irinsa a leda.

Yanzu Hajiya na kwance, cikinta ya tara ruwa. Jiya ta dube ni ta ce, "Yau ba ka rubuta komi ba?" Na riƙe biro, na rasa abin rubutawa.

Saboda haka ina roƙon hukumomin da alhakin ya rataya a wuyansu da su binciki yadda ake sayar da wannan kafso da sunan wankin ciki, kuma su sa masana su duba ko yana da hannu a ciwon matata. Littafin yana wurina, babu Alhamis ɗin da na tsallake. A shirye nake in miƙa shi, ko da binciken zai fara da ni.