Teburin Oga Vitalis Ya Ƙi Fita

Duk wanda ya yi firamare a makarantar Malama Inno da ke Manawashi ya san Oga Vitalis kafinta. Gajere ne, kullum da fensir a bayan kunne. Matarsa Nwamaka ta rantse min da fensirin yake wanka. Tun yana saurayi ya zo Gombe, har ciniki da Fulatanci yake yi.

Shekara ashirin ke nan Malama ta kira shi ya yi mana benci, mu 'yan aji uku. Ya zo awo daidai tashin tara, ya same mu mun zagaye farantin ɗanwake, surutu kamar kasuwa. Da aka kaɗa ƙararrawa muka koma layi, kowa ya yi tsit yana kallon ƙeyar na gabansa.

Ya ce, "Malama, yaran ɗazu ne waɗannan?"

"Su ne mana."

"A gaban faranti kowa da baki, a layi duk sun zama bebaye. Ni ba zan yi benci ba."

"To me za ka yi, Oga? Faranti?"

"Shi kuwa!"

Da aka yi hutu ya kwaso katakonsa, ya haɗa tebur mai zagaye a cikin ajin, ya shafe samansa da baƙin fenti irin na allo. Girmansa kuwa, in za ka miƙa wa na wancan gefe alli sai ka yi sallama da maƙwabta. A kansa muke rubutu, a kansa muka zana Gombe gaba ɗaya, har da awakin gidan su Sule ɗan ajinmu. Ify 'yar ajinmu ta koya min raba dogon lissafi, ni na koya mata gulma. Iyaye suka yi ta mitar alli a hannun riga, Malama ta toshe kunne. Allah sarki, lokaci!

Bara mai gidan da makarantar ke ciki ya ce yana son abinsa nan da mako guda. Malama ta riga ta fara gini a unguwar Arawa, aka kwashe komai. Tebur ya ce bai san ƙofa ba. An karkata shi, an kwantar, an yi masa addu'a, ko gezau. Mai gida ya ce kar a taɓa masa bango. Masu kwasa suka ce a kawo zarto.

Aka ɗauko Oga, ya tsufa, ido ya yi rauni.

Malama ta ce, "Oga, wai ranar ba ka auna ƙofa ba?"

"Malama, yara aka ce in zaunar. Wa ya ce min tebur zai yi tafiya?"

Ya haye kai ya zauna, ya ce mai zarto ya fara da shi.

Usaini birkila, ɗan ajinmu na da, ya ɗaga kai yana kallon rufi. Dama rufin yana yoyo, mai gida ya yarda a yaye in za a mayar masa da shi a gyare. Ranar Asabar muka taru, tsoffin 'yan ajin, da mai keke da nas da mai ciki wata takwas. Aka yaye kwanon rufi, aka ɗaura igiya. Oga na ƙasa yana ihu, "A hankali, Sule! Kai dama tun kana yaro gaggawa ce da kai!" Tebur ya fito ta sama ko ƙwarzane babu.

Muna isa Arawa, ƙofar sabon aji ta fi ta da ƙanƙanta. Malama ta ɗora hannu a ka. Sai Usaini ya nuna ajin ƙarshe, wanda ko bulo uku bai kai ba, ya ce a ajiye shi tsakiya, shi zai gina ɗakin a kansa.

Oga ya shafa katakon.

Usaini ya ce, "Baba, wannan karon in faɗaɗa ƙofa?"

"Ka matse ta, ɗana. Kada wani ya sake yin sha'awar fitar da shi."