Kazar Inna a Kwalin Injina

Ko da na manta shekarar, ba zan manta wahalar da na sha a kan wani kwali ba. A lokacin na ƙudura zan shiga kiwon zabi a bayan gidanmu da ke unguwar Sabon Gari a Maraɗi. Na sayar da akuyoyina biyu, waɗanda su ne duk abin da na mallaka, na yi odar injin ƙyanƙyasar ƙwai daga wata kasuwar intanet ta ƙasar waje. Maigidana ya ce na zuba dukiyata a rijiya. Ni kuwa idan aka ce ba zan iya ba, ranar nake ɗaura ɗamara.

Da kayan suka iso bayan dogon jira, maƙwabta suka cika tsakar gida, kowa na son ganin kazar Nasara. Aka yage kwalin ana shewa, sai ga murfin injin a tsage, wani ƙarfe na cikinsa ya karye. Maigida ya leƙa kwalin, ya juya ya shige ɗaki.

Na shigar da ƙorafi, waya na fassara mini. Mai sayarwa ya ce lafiya lau ya turo, ƙila ni na yar da shi. Masu kasuwar suka ce in turo hoton kwalin kafin wa'adi ya cika, don a ga ko a hanya aka buge shi. In babu, ba za a maido mini kuɗina ba.

To, a Maraɗi wa ke barin kwali mai kauri ya kwana ba aiki? Ƙanin mijina ya riga ya ɗauke shi zuwa garkarsa a Jiratawa. Na hau kabu-kabu na same shi yana ban ruwa.

"Kwali kuma, Yaya? Ai na zuba tattasai na kai ma Inna Tsibiri."

Ban ko zauna ba. Na juya, na ratsa Maraɗi, na nufi Tsibiri gidan surukata. Bayan mun gaisa na faɗi abin da ya kawo ni, ta nuna mini gindin rumbu. Ga kwalina nan, ga huda babba a gefensa inda wani abu ya soke shi, daidai wurin da murfin ya tsage. A ciki kuwa kazarta ce kwance kan ƙwai, tana harara ta. Na miƙa hannu, Inna ta daka mini tsawa.

"Kul! In kin tashe ta, ta bar ƙwan ke nan. Mi za ki ce mani?"

"Inna, akuyoyina ne cikin kwalin ga."

"Ɗiyata, akuyoyinki sun tahi. Ƙwaina na nan."

Haushi ya kama ni har wuya, amma ba a jayayya da suruka a gidanta, ni kuma ba zan koma hannu biyu ba. Na durƙusa a ƙasa da sabon zanena, na ɗauki hoton hudar, da takardar da ke manne mai sunana, da kazar duka, tana saran yatsuna. Haka na tura wa masu kasuwar, na rubuta cewa kazar ba ta cikin odar.

Mai sayarwa ya ce zai biya rabi. Na ƙi. Ya ƙara kaɗan, na sake ƙi, na jera musu hoton hudar kusa da na tsagin murfin. A ƙarshe masu kasuwar suka yanke cewa a hanya aka lalata shi, aka maido mini kuɗina cif. Na ajiye wayar gaban maigida, na tafi ɗora girki.

Kazar ta ƙyanƙyashe ƙwanta duka, Inna ta aiko mini da 'yan tsaki biyu da saƙon cewa nata injin ba ya son kuran, wato wutar lantarki. Na sake odar wani, shi ne har yau yake mini aiki.

Abin da na koya shi ne, haƙƙinka ba ya biyo ka gida, kai ne za ka bi shi ko da gindin rumbu ne. Yanzu duk kayan da suka iso, sai na ɗauki bidiyo kafin a buɗe, kwalin kuma ƙarƙashin gadona yake kwana.